An yi wa asibitinmu fenti, amma Malama za ta ajiye aiki baɗi

Jama'a, assalamu alaikum. Na daɗe da wannan magana a raina, abin da ya faru daren Talata ne ya sa na kasa ci gaba da yin shiru.

Wajen ƙarfe biyun dare ƙanena ya buga min ƙofa, muryarsa na rawa: "Yaya, taso, naƙuda ce, kuma jini take zubarwa." Ruwa ya cinye hanya, babu mashin ɗin da zai bi, sai a amalanke muka ɗora matarsa zuwa asibitin mazaɓarmu. Bana aka gyara asibitin nan. Sabon kwano, sabon fenti, gadaje ko ledar jikinsu ba a cire ba. Amma mutum ɗaya muka tarar a ciki: Malama, ungozomar da ta karɓi haihuwar yawancin yaran garin nan. Ranar awo ce, tun safe take tsaye. Ta miƙa wa surukarmu tocilan ta haska mata, ta nemo jijiya ta sa ruwa, ta yi allura, sannan ta dubi ƙanena ta ce: "Ɗana, kwantar da hankalinka, amma fara neman mota. In jinin nan bai tsaya ba, sai babban asibiti." Allah ya taimake mu ya tsaya. An samu 'ya mace.

Da asuba ina yi mata godiya, tana wanke hannu a buta, ta ce: "Malam, baɗi war haka na ajiye aiki, kuma har yau ba a turo min wadda zan koya wa ba."

Wannan maganar ce ta hana ni barci. Ranar ritayar ma'aikaci tana cikin fayil ɗinsa tun ranar da aka ɗauke shi. Ba ambaliya ba ce da za a ce ta zo ba shiri. Gini kuwa wata uku ya isa a gama shi, a yanka kyalle, a ɗauki hoto. Ungozoma sai ta yi shekara 3 a makaranta, ungozomar karkara shekara 2, likita shekara 6 kafin ma ya yi shekarar sanin makamar aiki. Wadda za ta gaji Malama ya kamata a ce tuntuni tana aji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kullum a rediyo zancen likitocin da ke tafiya Ingila da Saudiyya ake yi. Gaskiya ne, ministan lafiya Muhammad Ali Pate da bakinsa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekarun nan. To amma mu nan ba mu taɓa samun likita ba balle ya gudu. Abin yana zuwa mana ne daki-daki: ƙasar waje ta ɗauke na manyan asibitocin birni, su kuma su janye na asibitocin jiha, jiha ta cike giɓinta da na ƙananan garuruwa. Duk wanda ya matsa gaba, a ƙauye ramin yake ƙarewa.

Kuma an gwada hanyoyi, mun gani da idonmu. A 2009 gwamnatin tarayya ta fito da shirin tura ungozomomi karkara. An tsara tarayya da jiha da ƙaramar hukuma kowa ya ba da kasonsa na alawus, ƙaramar hukuma ta ba da masauki. A wurare da yawa kason bai fito ba, ɗakin ma babu. Yarinyar da aka kawo daga nesa, ba ta jin Hausa sosai, ba wuta, ba ruwa, ba dangi, wa zai ga laifinta in ta tattara kayanta? Daga 2012 kuma aka yi wani shirin da tallafin Birtaniya a Jigawa da Kano da Katsina da Zamfara da Yobe: a zaɓo yarinya daga ƙauyenta, a ba ta shekarar share fage ta gyara sakamakonta, ta shiga makarantar ungozoma, ta dawo gida ta yi aiki. A ganina wannan ita ce hanyar. 'Yar gari ba ta neman canjin wurin aiki duk wata. Mahaifiyarta na nan, mijinta na nan, kuma matar da ke kan gwiwa ba ta jin kunyar gaya mata gaskiyar abin da take ji.

Nan ne kuma namu laifin yake, mu mazan karkara. Mu ne ba ma yarda namiji ya duba mana iyali, mu ne kuma ke cire 'ya'yanmu mata daga makaranta da sun gama aji uku na ƙaramar sakandare. To daga sama macen za ta faɗo? Ni malamin makaranta ne. Na san makarantar ungozoma na neman kiredit 5: Turanci, lissafi, bayoloji, kimistiri da fizik. Na kuma san yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa da ta gama sakandare ba ta taɓa ganin ɗakin gwaje-gwaje ba, domin malamin kimiyyar ma babu. Tun daga nan ake rasa ungozoma.

Wani abin takaicin, akwai waɗanda suka yi karatun suka gama. Makarantar koyon aikin lafiya ta Jahun da ta jinya da ungozoma ta Birnin Kudu a nan jiharmu ta Jigawa suna yaye ɗalibai. Amma je ƙananan asibitoci ka tambaya, da yawan masu farin kayan nan 'yan sa-kai ne, shekara da shekaru ba takardar ɗaukar aiki, sai ɗan abin da incaj ya tsakura musu. Asibiti na kukan rashin ma'aikaci, mai takarda na zaune a gida. Wanda aka ɗauka kuma, in yana da hanya, kafin shekara an mayar da shi hedikwata.

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko, kuma a cikin asusun akwai kaso na musamman domin ma'aikata. Ina roƙon wakilanmu na majalisa a Dutse su nemi a kawo musu lissafi mazaɓa-mazaɓa: ungozoma nawa ce a ƙasa, nawa za su yi ritaya nan da shekara 5, su wa ke makaranta da za su gaje su. A gina kwatas a jikin asibiti da sola da famfo. A sa alawus ɗin karkara ya zama wanda ma'aikaci zai gani ya ji a aljihunsa. Kada kuma a bar mace ɗaya da aikin dare da rana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk wanda ya taɓa leƙa sashen masu yoyon fitsari a Jahun ya san abin da doguwar naƙuda ba ungozoma ke bari a jikin mace.

Jibi bayan sallar Juma'a za mu zauna a ƙofar gidan dagaci tare da kwamitin lafiya na mazaɓa. Akwai yara mata uku da suka gama sakandare bana, ɗaya 'yata ce. Za mu haɗa musu kuɗin sake jarrabawa da na fom. Na gaya wa Malama, ta ce a turo mata su ranar awo su fara da rubuta sunaye a kati.