A Kansas City, gari ke biya, gwamna ke naɗi

Kafin in zo Amurka na ɗauka kowane gari shi ke riƙe da 'yan sandansa: magajin gari ya naɗa shugabansu, in ya gaza ya sauke shi. A garuruwa da yawa haka abin yake. Amma inda Allah ya ajiye ni, Kansas City ta jihar Missouri, dokar jiha ta ce a'a.

A nan wata hukuma ce mai mutum 5 ke naɗa shugaban 'yan sanda. Huɗu gwamna ke zaɓo su, na biyar shi ne magajin gari. Wato mutumin da 'yan gari suka yi layi suka zaɓa, bakinsa ɗaya ne cikin biyar. Albashi da motoci kuwa daga harajinmu suke fita. A 2024 ma masu zaɓe na faɗin jihar, har da waɗanda ba su taɓa kwana a garin ba, suka amince a tilasta mana ware kashi 25 cikin 100 na kuɗin shiga ga 'yan sanda, maimakon 20. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Ba haka kawai aka ƙwace ba, gaskiya. Daga 1932 zuwa 1939 gari ne ke riƙe da su, sai wani ubangidan siyasa, Tom Pendergast, ya cika rundunar da yaransa, gidajen caca suka buɗe ƙofa, ana maguɗin zaɓe ɗan sanda na tsaye yana kallo. Da na ji labarin sai na tuna da hirar dattawanmu kan 'yan doka na En'e da yadda suka riƙa jibgar 'yan NEPU, har sojoji suka rushe su a zamanin Gowon. Tun daga nan rundunar Najeriya ɗaya ce, sashe na 214 na tsarin mulki ya hana a kafa wata, kwamishina kuma turo shi ake yi.

Shi ya sa nake jinjina kai idan 'yan'uwa a gida suka ce 'yan sandan jihohi ne maganin komai. Ni ma ina so a matso da tsaro kusa da jama'a, DPO ya zama mai jin harshen mai kawo ƙara. Amma in gwamna ne zai naɗa kwamishina kuma ya sauke shi, to ni na zauna a ƙarƙashin irin wannan, kuma gwamnanmu na Missouri bai kai gwamnonin gida waɗanda jam'iyyarsu ke cinye duk kujerun ƙananan hukumomi ƙarfi ba. A fara nuna mana sashen da ya faɗi wa zai iya tsige kwamishinan.

Pendergast ya mutu tun 1945, har yau ba a mayar mana ba. St. Louis kuwa, wani gari a Missouri, ta karɓi nata 'yan sandan a 2013, bayan shekara fiye da 150 a hannun jiha, a 2025 majalisa ta sake ƙwacewa.