Riƙe wa oga jaka ba tarihi ba ne

Ni fa kukan nan da ake ta yi tun jiya a kan shafin yaron nan da aka goge daga Wikipedia ya ishe ni. Wai hassada ce. Wai 'yan adawa ne suka shiga suka yi masa ƙulli, wai an tsane shi don yana kusa da oga. Haba jama'a! Cikin masu ihun nan wa ya karanta shafin kafin a sauke shi? Ni dai na karanta. Sunansa, ranar haihuwa, makarantar da ya yi, sai tarin laƙabi: hadimi na musamman kan kafafen sada zumunta, tsohon mataimakin hadimi kan harkokin matasa, gogaggen ɗan siyasa, gatan marayu. Madogarar da aka jera a ƙasa kuwa, takardar naɗinsa ce, da shafinsa na Facebook, da wani rubutun taya murna da abokinsa ya sa aka buga masa. Hoton ma daga hoton taro aka yanko shi, ga kafaɗar oga nan a gefe ba a gama yanke ta ba.

To ranka ya daɗe, me ka yi? Tambayar ke nan, kuma har yanzu ba wanda ya amsa ta. Ba a ce wa kake bi ba, ba a ce jakar wa kake riƙewa ba. Me ka yi, kuma wa ya rubuta a kanka ba tare da ka roƙe shi ko ka biya shi ba?

Ƙa'idar Wikipedia a buɗe take, kowa zai iya dubawa. Kafin a ba mutum shafi, sai an samu majiyoyi masu inganci, waɗanda ba su da alaƙa da shi, sun yi magana a kansa da zurfi. Ba a ambaci sunanka a layi na ƙarshe cikin jerin waɗanda suka raka oga ɗaurin aure ba. Ga 'yan siyasa ma an fayyace: wanda ya riƙe muƙami na ƙasa ko na jiha, ko ya zauna a majalisar dokoki ta ƙasa ko ta jiha, ana ɗaukarsa ya cancanta. Kansila ma bai samu wannan kai tsaye ba. Ɗan takarar da ya faɗi zaɓe, shi ma takarar kaɗai ba ta isar masa. Wanda ya tsaya a gaban jama'a ya nemi ƙuri'a ke nan fa, balle wanda aka kira a waya aka ce ya zo ya karɓi takarda. Shaharar oga ta oga ce, ba a gadonta, ba a shafarta. Kama da wane ba ta wane.

Na ga masu cewa ai hadimai ne ke yin ainihin aikin, su ke rubuta jawabi, su ke tsara komai. Na ji. Direba ma yana aiki, mai gadi ma yana aiki, Allah ya biya kowa. Aiki daban, tarihi daban.

Kuma ƙarya ce a ce ba a ba hadimai shafi. Alexander Butterfield hadimin Shugaba Nixon ne a Amurka. A Yulin 1973 ya zauna gaban kwamitin majalisar dattawa ya faɗi cewa akwai na'urar naɗar murya a ofishin shugaban ƙasa, kuma maganar nan tana cikin abin da ya kai Nixon ga murabus a 1974. Cassidy Hutchinson ƙaramar ma'aikaciya ce a ofishin Mark Meadows, shugaban ma'aikatan fadar Shugaba Trump a lokacin, sai da ta ba da shaida a Yunin 2022 kan harin da aka kai majalisar dokokin Amurka ranar 6 ga Janairun 2021 duniya ta san da ita. Duka biyun suna da shafi. Muƙamin ne ya ba su? A'a. Sun yi abin da jaridu da marubuta tarihi suka kasa tsallakewa. Naku gwanin me ya yi? Ya sa hoton oga yana yanke kintinkiri, ya rubuta "aiki ga mai ƙare ka" a ƙasa. Madalla.

Wai kuma an yi masa zalunci, ba a ji ta bakinsa ba. A Wikipedia ta Turanci, idan aka kai shafi zauren tattauna gogewa, kwana 7 ake bari kowa ya kawo hujja. Ba ƙuri'a ake ƙirgawa ba, hujja ake aunawa. Kun kwaso abokai, kowa ya buɗe sabon asusu a rana ɗaya, duk kuka rubuta jimla iri guda: a bar shi, mutumin kirki ne. Editocin nan sun ga irin wannan tun kafin wasunku su mallaki waya. Tun 2006 aka kama ma'aikatan majalisar Amurka suna gyara shafukan iyayen gidansu, har na ɗan majalisa Marty Meehan suka cire alkawarin da ya taɓa yi na taƙaita wa'adinsa. Ba ku kuka fara ba, kuma waɗancan ma an gano su.

Yanzu bari in ajiye wasa. Wallahi tausayin yaran nan nake ji. Matashi ne mai ilimi, ya iya rubutu, ya iya magana, amma an sa masa a rai cewa darajarsa ita ce kusancinsa da wani. Gobe gwamnati ta sauka, muƙamin ya tafi da ita, wayar ta daina ƙara. Kuma abin da ba a gaya musu shi ne, shafin ba naka ba ne. Ranar da aka buɗe shi, kowa na iya gyarawa. In wata jarida ta buga abin kunya a kanka, zai iya shiga, kuma ba ka da ikon cirewa. Mutum ya roƙi abin da zai zame masa ƙarfen ƙafa, har yana fushi don an hana shi.

Eh, na san za ku kawo min zancen Donna Strickland, masaniyar kimiyyar da Wikipedia ta ƙi karɓar rubutun da aka yi a kanta 'yan watanni kafin ta ci kyautar Nobel a fannin kimiyyar fiziks a 2018. Kuskure ne, an yi ta suka a kai, an gyara. Amma don Allah kar ku haɗa ta da mai riƙe wa oga waya.

Af, masu turo min saƙo kuma cewa wani ya ce a biya shi zai "sa su a Google", ku riƙe kuɗinku. A 2015 Wikipedia ta toshe asusu 381 a lokaci guda saboda irin wannan sana'ar: su karɓi kuɗi su ɗora shafi, sannan su dawo su ce a riƙa biya duk wata don kar a goge. Tun 2014 dokar Wikipedia ce duk mai rubutu don kuɗi ya bayyana wanda ya biya shi. Ka tambayi naka ko ya bayyana, ka ga yadda zai daina ɗaga wayarka.