Jirgin yaƙi da sharaɗinsa

Wani labari ya ce Amurka ta amince a sayar wa ƙawayenta jiragen yaƙi. To, cinikin nan sai da sharaɗi. Ku tuna jiragen yaƙi Super Tucano 12 na Najeriya: Obama ya riƙe cinikin bayan jirgin sojan ƙasar ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, jihar Borno, a 2017, Trump ya saki, amma ba su iso ba sai 2021. Kayan gyara ma sai an koma wurin Amurkawa.

Mu nan Maraɗi, ɓarayin daji bisa babura suke shigo wa ƙauyukan Madarumfa da Gidan Rumji cikin dare, su kora shanu su ƙetare iyaka. Wallahi ban ga laifin Nijar ba da ta nufi Turkiyya ta sayo jiragen Bayraktar marasa matuƙi.