Ƙaramin gari ya gina matatar ruwan ƙazanta wadda zai iya riƙewa

Duk ruwan da ya shiga gida sai ya fita. Na wanka, na wanki, na wanke-wanke da na bayan gida, duk su haɗu a magudana su gangara, kuma a ƙaramin gari ƙarshen gangaren nan kusan kullum kogi ne. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2017 ya ƙiyasta cewa sama da kashi 80 cikin ɗari na ruwan ƙazanta a duniya ana sakinsa ne ba a tace ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa da rani a bakin bututun da ke zuba cikin kogi ya san abin da nake nufi. Ruwa toka-toka, kumfa ta taru a gefe, wari ya tarbe ka tun daga nesa. Ka dawo da asuba ka tarar kifaye sun taso, ciki sama. Ruwa ba ya tsami banza. Ƙwayoyin bakteriya da ke cin ƙazantar su ne ke shanye iskar oksijin ta cikin ruwan, gansakukar da sinadaran nitrojin da fosfaras na cikin ƙazantar suka ƙosar ita ma ta ja nata kaso da dare, sai kifi ya rasa numfashi. Can gaba kuma akwai wani ƙauye da ke ɗibar ruwan nan ana sha, ana wa jarirai wanka. Kwalara da taifot ta nan suke bi, su kama mutanen da ba su zuba komai a kogin ba. Wannan shi ya fi ci mini rai.

Abin da nake ja a kai shi ne irin matatar da ake zaɓa. Tun 1914 da masana kimiyya biyu, Ardern da Lockett, suka gano a Manchesta ta Ingila cewa hura iska cikin ruwan ƙazanta tare da mayar masa da lakar da ta kwanta yana hanzarta aikin bakteriya, manyan birane suka rungumi dabarar, kuma tana aiki. Amma tana son wutar lantarki dare da rana, da ƙwararru, da kayan gyara. Garin da ya ci bashi ya gina irinta alhali ba shi da kuɗin riƙe ta, ranar da injin hura iska ya tsaya, ruwan zai bi ta cikinta ya faɗa kogi kusan yadda ya shigo.

Daidai ruwa daidai tsaki. Ƙaramin gari yana da abin da birni ya rasa, wato fili. Tafkuna uku a jere sun isa su yi aiki mai yawa. Na farko mai zurfi ne, baƙi, a nan laka ke kwantawa ta ruɓe. Na biyu kore shar, gansakuka na ba da oksijin, bakteriya na cinye sauran datti. Na uku ba zurfi, domin rana ta ratsa shi ta kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan kan yi makonni a hanya, gangare ne ke tura shi. Garin Arcata a jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda mutanensa ba su kai 20,000 ba, ya haɗa tafkuna da fadamar da aka ƙirƙira tun 1986, har wurin ya zama matattarar tsuntsaye.

Za a ce wari da sauro fa? Gaskiya ne, in an yi sakaci. Tafkin da aka ɗora wa fiye da ƙarfinsa zai yi wari, wanda aka bar ciyawa ta cinye bakinsa zai tara sauro. Shi ya sa nake ganin kuɗin kulawa ya kamata hukumar gari ta fara warewa kafin a kafa harsashi: albashin mai sare ciyawa da kwashe shara daga rariya kullum, kuɗin yashe laka bayan 'yan shekaru, da gwajin ruwan da ke fita, a liƙa sakamakon inda kowa zai gani. Mayanka da majema su fara tace nasu kafin ya shiga magudanar gari. Motocin yashe masai kuma a ba su wurin juyewa a cikin matatar, a buɗe shi har dare, don kada direba ya nufi bakin kogi.