Milimita Takwas da Suka Kusa Karya Mini Wuya

Tsakanin lans (gilashin gaban kyamara) mai f/1.8 da mai f/1.4 babu wani dogon zance in aka zo lissafi. Ɗauki tsawon da aka rubuta a jikin lans ɗin, milimita 50, ka raba da 1.8, za ka samu kusan 28. Faɗin ƙofar da haske ke bi ya shiga kyamara ke nan. Raba da 1.4, ka samu kusan 36. Bambancin milimita takwas ne, hasken da ke ƙaruwa kuwa bai kai ninki biyu ba. A kan waɗannan milimita takwas ɗin na kwashe kuɗin da zai sayi irin ƙaramin lans ɗina har in raba wa maƙwabta, na kuma rataya wa wuyana abin da ya fi ƙarfinsa.

Da can zaman lafiya nake da ɗan lans ɗina. Kafaffe ne, irin wanda ba ya zuƙowa: in kana son abu ya matso, kai za ka taka ka je wurinsa. Jikinsa roba ce, nauyinsa bai kai giram 200 ba, in na jefa kyamarar a jaka har mantawa nake tana ciki. Hotunan da yake ɗauka ba wanda ya taɓa kushe su. Sai na faɗa kallon bidiyon masu gwajin kayan hoto da tsakar dare, su kuwa mutanen nan ba sa ɗaukar fuskar mutum ko faɗuwar rana. Katangar bulo suke ɗauka. Su kafa kyamara, su ɗauki katanga, su zuƙo can ƙuryar hoton har bulo ɗaya ya cika allo, sannan su girgiza kai cikin jimami su ce gefen ya yi dishi-dishi. Ni da ban taɓa duba ƙuryar hoto ba tun da nake, sai ga ni barci ya ƙaurace mini saboda ita.

Washegari na fita da kyamara na tsaya gaban katangar maƙwabcina. Na ɗauka a f/1.8, na ɗauka a f/2.8, na matsa, na tsuguna, na rufe ido ɗaya. Ashe yana leƙe ta taga.

"Malam, lafiya dai ko?"

"Lafiya ƙalau. Gwaji nake yi."

"Gwajin me? In a kan iyaka ne, takarduna suna nan, kuma katangar nan ko taku ɗaya ba ta shiga filinka ba."

Da ƙyar na lallashe shi ya yarda cewa kaifin gefen hoto nake aunawa. Har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba. Amma gwajin ya tabbatar da abin da nake tsoro: in an buɗe ƙofar lans ɗin gaba ɗaya, bulon da ke ƙurya yana yin laushi, gefen kuma yana ɗan yin duhu. Nan take na ji na tsani abin da na shekara ina yabo. Na ce lallai araha ba ta ado.

Daga nan sai bincike, kuma a nan ne na gane cewa kaifi da awo ake sayar da shi. Canon EF 50mm f/1.8 STM, wanda ya fito a 2015, giram 160 ne, gilasai shida ne a cikinsa. Tsarin irinsu tsoho ne ƙwarai, zuriyar Planar ne da Paul Rudolph ya zana wa kamfanin Zeiss a 1896, shi ya sa haɗa su ba ya cin kuɗi. Sigma 50mm f/1.4 Art na 2014 kuwa gilasai goma sha uku ne, giram 815. Dalili kuwa a fili yake: da zarar ƙofa ta faɗaɗa, hasken da ke shiga ta gefen gilashi ba ya sauka daidai inda na tsakiya ya sauka, sai an jera wasu gilasan su tanƙwaro shi, kowane gilashi kuma da nauyinsa da kuɗinsa. Zeiss Otus 55mm f/1.4 ya kai wajen kilo guda, kuma duk tsadarsa da hannunka za ka murza ka saita, ba ya yi maka. Nikon na da wani mai suna Noct, 58mm f/0.95, kilo biyu cur, shi ma da hannu. Da na karanta wannan sai na ga ai ni mai sauƙin buri ne, f/1.4 kawai nake nema. Wanda zai sayi motar haya ba ya jin ya yi almubazzaranci in ya fara leƙa farashin jirgin sama.

Na sayo wani babba mai f/1.4, giram ɗari takwas da ɗoriya. Ranar da ya iso, uwargida ta tsaya tana kallona ina fito da shi daga kwali da hannu biyu kamar an miƙo mini jariri.

"To, barka. Wannan dai yana zuƙowa ko?"

"A'a, ba ya zuƙowa."

"Shi wancan ƙaramin fa?"

"Shi ma ba ya yi."

"Wancan na ga an rubuta 50. Wannan nawa ne?"

"50."

Ta yi shiru, ta dubi babban, ta dubi ƙaramin, ta dube ni.

"Maigida, to me ka saya?"

Na fara bayanin ƙuryar hoto da bulo. Ta saurara har ƙarshe, wanda ya fi katsewa ciwo, sannan ta ce ita dai a iya saninta ba mu da ɗan'uwa ko ɗaya da ke zaune a ƙuryar hoto.

Abin da masu katanga ba su faɗa mini ba shi ne babban lans ba ya zuwa shi kaɗai, da dangi yake tafe. Gilashin kariya da nake ɗaura wa ƙaramin milimita 49 ne, bakin sabon kuwa 77, sai an sayi wani. Jakar ta ƙi rufuwa. Igiyar wuya siririya ce, ta fara yanka ni, sai mai faɗi. Na ɗora kyamarar a kan ƙafafunta uku, na ɗaure, na juya baya, kafin in waiwayo ta sunkuyar da kai tana ɗaukar takalmina. Kowane ɗayan waɗannan na shigo da shi gida a ɓoye.

Ranar nuna bajinta ta zo lokacin da 'yar yayata ta kammala karatu. Aka taru, aka ce ai ba sai an kira mai hoto ba, ga Kawu da sabon kaya. Na saɓa kyamara ina tafe ina ɗan karkacewa, ina jin idon mutane a kaina, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji. Na murza ƙofa zuwa f/1.4, domin wanda ya biya kuɗin f/1.4 bai ga dalilin ɗauka a wani wuri ba.

Aka jeru sahu uku. Na ɗaga kyamara, sai na ga mutum huɗu da rabi. Na ja baya. Shida. Na ƙara ja.

"Kawu, ka zuƙo baya mana!"

"Ba ya zuƙowa, 'yata. Ku dai matsu."

Suka matsu har masu hula suka fara karo da juna, ni kuma ina ta ja da baya, ido a manne da kyamara, ina ƙirga kawuna. Ina cewa "saura ke, Goggo, ɗan shigo" sai dunduniyata ta daki bakin wani kewayen furanni da aka gama ba ruwa. Abin da na fi tunawa shi ne ban yi yunƙurin kare kaina ba ko kaɗan. Hannuwana biyu suka ɗaga kyamarar sama, sauran jikina ya tafi inda Allah ya nufa. Na zauna daɓas cikin caɓi, ƙafafu a sama, lans ko ƙura bai taɓa ba. Yayata ta rugo tana salati, tana tambaya ko na ji ciwo, na ce mata lafiyarsa ƙalau.

Da daddare na buɗe hotunan a kwamfuta, ina zaune a gefen kujera saboda dalilan da ba sai na faɗa ba. A nan na haɗu da ɗaya fuskar babbar ƙofa: gwargwadon buɗe ta, gwargwadon sirancewar wurin da zai fito tar. Daga nisan mita shida, a f/1.4, abin da ke fitowa garau bai kai zurfin mita guda ba, sahu uku na mutane kuwa sun wuce haka. Sahun gaba ya fito har ana ƙirga zaren riga, na baya kuwa sai ka rantse da su kafin a yarda sun halarta. Hotunan kusa sun fi ban tausayi. Daga mita ɗaya da rabi zurfin bai wuce santimita biyar ba, tsakanin tsinin hanci da kunne kuwa ya fi haka nesa. Ita mai kammala karatun, na samu hancinta a kaifin da tarihi bai taɓa gani ba, idanunta kuma suna cikin hazo. Wani dattijo a danginmu, gashin kunnensa kaɗai ya fito, amma fa ya fito.

Hoton da dangi suka yi ta yaɗawa a ƙarshe wata ƙawarta ce ta ɗauka da waya, tana tsaye a bayan furannin. Kowa ya fito, kowa yana dariya ta gaskiya, kuma a ƙasan hoton ana ganin tafin takalmina guda biyu.

Na kai ƙara wurin wani abokina da ya daɗe a harkar hoto. Ya juya kyamarar, ya duba lambarta, ya fara dariyar da sai da ya nemi wurin zama. Ya ce kyamarata mai ƙaramar sansa ce (ɗan farantin da hoto ke sauka a kai), wadda ake kira APS-C, tana yanke tsakiyar abin da lans ya kawo ne ta watsar da kewayen. Shi ya sa 50 ɗina yake gani kamar 80 a babbar kyamara, shi ya sa na yi ta ja da baya har na samu wurin zama.

"To ka ga," in ji shi yana share hawaye, "ainihin ƙuryar da masu gwajin nan suke yi wa kuka, wadda aka tara gilasan nan domin a gyara ta, kyamararka ba ta ma ganinta. Ka biya kuɗin gyaran ɗakin da ba ka da mabuɗinsa."

Bai tsaya nan ba. Ya sa na ɗauki abu ɗaya da lans biyun a f/8, inda ya kamata a ɗauki hoton taro tun farko, muka jera su a allo. Na zuƙo, na ƙanƙance ido, na matso har numfashina ya dusashe gilashin, ban iya rantsuwa kan wanne ne wanne ba. Kusan kowane lans yana kai ƙarshen kaifinsa ne wajen f/5.6 zuwa f/8, a nan mai araha yake kamo mai tsada. Ya ƙara da cewa hoton da na ɗauka mai fiksel 6000 a faɗi, da zarar na tura shi ta manhajar saƙo za a matse shi ya koma ɗan mitsitsi, a kalle shi a allon da bai fi tafin hannu ba. Sannan ya tuna mini Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen nan da ya yi suna a hoton titi, wanda yawancin aikinsa da ƙaramar kyamarar Leica da lans 50mm ya yi shi, abin da zai ɓoye a cikin kwat. Na ce ai shi ba a zamanin katanga ya rayu ba.

Sai dai a bar wa babban haƙƙinsa, kuma wannan ba don in fanshe kuɗina nake faɗa ba. Akwai wani dare da wuta ta yi rauni, mahaifiyata na zaune kusa da 'yar fitila tana gyara tabarau. Na ɗauka a f/1.4. Idonta ya fito tangaram, bayanta ya narke sumul, babu jan layi ko shuɗi a bakin abubuwa masu haske irin wanda ƙaramin kan yi in an buɗe shi duka. Ƙaramin zai ɗauki hoton, amma ba zai ɗauke shi haka ba. Matsalar ita ce irin wannan dare ba kullum yake zuwa ba, nauyin kuwa kullum yana nan. Sannu a hankali na lura in zan fita sai in tsaya a bakin ƙofa ina shawara da wuyana, kuma wuyan ne ke cin zaɓe. Babban ya samu wuri mai kyau a kabad, da 'yar jakar tsotse danshi a gefensa. Ƙaramin ya koma bakin aiki ba tare da ya ce uffan ba.

Da yake abokina ya nuna cewa 50 ya yi wa kyamarata tsawo, hankali ya ba ni cewa maganin shi ne 35mm. Akwai ƙanana masu f/2, marasa nauyi, masu sauƙin kuɗi. Akwai kuma masu f/1.4. Ina cikin kwatanta su ne uwargida ta leƙo ta kafaɗata, ta ga katangar bulo a allo. Ba ta ce komai ba. Ta fita, ta dawo da gorar ruwa ta lita guda, ta ɗaure ta da tsohuwar igiyar kyamarata, ta rataya mini a wuya.

"Kilo ɗaya ke nan. Ka wuni da ita, ka je duk inda za ka je. In magariba ta yi ba ka cire ba, ni da kaina zan cika maka kuɗin."

Na ce ai wanda nake dubawa bai kai kilo ba.

Ta kwance murfin, ta kurɓi ruwan sau biyu, ta mayar ta rufe.

"To, ga shi na rage. Sai ka dawo."