Mutum-mutumin koyon danna ƙirji

Na karanta wani labari kan amfani da mutum-mutumi mai na'urar auna danna ƙirji wajen koyar da ceton wanda zuciyarsa ta tsaya, kuma a ganina Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka ta yi daidai da ta wajabta hakan a kwasa-kwasanta tun 2019. Lokacin da na yi horon, na ɗauka ina danna ƙirjin yadda ya kamata, amma fitilar na'urar, wadda ke nuna an danna daidai, ta ƙi yin kore, domin dannawata ba ta kai zurfin santimita 5 ba, ga shi kuma ba na barin ƙirjin ya taso sosai. Idon malami ba zai iya auna wannan ba, balle ya ƙirga wa kowane ɗalibi dannawa 100 zuwa 120 a minti ɗaya.