Ga masu shirin tafiya aikin sa-kai Gambiya: wahalar ba a wurin aiki take ba

Duk lokacin da aka fitar da sunayen waɗanda za su tafi aikin sa-kai ƙasashen waje, abu biyu za ka ji ana tambaya: dala nawa ake biya, kuma wace ƙasa ce ta fi daɗi. Ni a ganina tambayoyin da ya kamata a yi daban ne. Tun 1987, zamanin Janar Babangida, lokacin Farfesa Bolaji Akinyemi na ministan harkokin waje, Najeriya ke tura malamai, likitoci, ma'aikatan jinya da injiniyoyi ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik, su yi shekara biyu su dawo. Gambiya na cikin ƙasashen da suka daɗe suna karɓar mutanenmu. Abin da ke kayar da ɗan sa-kai a can ba rashin iya aiki ba ne. Ƙananan abubuwa ne na yau da kullum: ɗaki, mota, abinci, gaisuwa, sai kuma girman kai.

A fara da takardu. Ɗan ƙasar Ecowas ba ya buƙatar biza, amma izinin shigar na kwana 90 ne, wanda zai zauna shekara biyu sai ya yi takardar zama. Duba fasfonka tun kana gida, in zai ƙare kafin wa'adinka ya cika, sabunta shi yanzu. Katin rigakafin shawara ya kasance cikin fasfon, ba a ƙasan akwati ba. Likita ko ma'aikaciyar jinya, lasisinku na gida ba ya wadatarwa, sai kun yi rajista da hukumar ƙasar kafin ku taɓa majiyyaci. Don haka ku tafi da ainihin takardun, da kwafi biyar-biyar, da hotunan fasfo kamar dozin. Wanda ya bar ainihin takardarsa a Kano zai iya shafe makonni yana zaune.

Kuɗinsu dalasi ne, takarda mafi girma ta 200. Kada ka dogara da katin bankinka na naira. Riƙe dala ko yuro sababbi, marasa yagewa ko rubutu, abin da zai riƙe ka wata biyu, domin buɗe asusu da sauran cike-cike na ɗaukar lokaci, ga shi masu gidajen haya da yawa kuɗin wata shida suke nema a dunƙule. Kafin ka biya, buɗe famfo da safe ka sake buɗewa da yamma, ka tambayi maƙwabta ko layin na cika da ruwa a damina, wato daga Yuni zuwa Oktoba. Lantarki na kati ne, Cash Power suke ce masa, in mita ɗaya kuke amfani da ita da wasu ku daidaita kason kowa tun ranar farko. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku.

Yanzu ga inda na fi so a saurare ni. Kusan kowa so yake a ajiye shi a Banjul ko Serekunda ko Brikama, kusa da teku, inda iska ke kaɗawa. Amma buƙatar tana can ciki: Soma, Farafenni, Bansang, Basse. Basse ta fi kilomita 350 daga Banjul, kuma a watan Afrilu da Mayu zafinta kan haura digiri 40. Wanda ya tashi a Sakkwato ko Maiduguri ko Maraɗi, wane zafi ne zai ba shi tsoro? Mu ne muka fi dacewa da waɗannan garuruwa. Mafi yawan mutanensu Musulmi ne, manoma gyaɗa da gero, masu kiwo, ana kiran salla ka ji kamar kana Gumel. Abin takaici ne a ce mutumin da aka tura don ya taimaka yana bin ofis-ofis a sauya masa wuri saboda babu kanti mai na'urar sanyi.

Tafiya kuwa sai da haƙuri. Ƙananan bas da suke kira gele-gele ba sa tashi sai sun cika, saboda haka wanda zai yi nisa ya je tasha bayan asuba, ko ya shiga babbar bas ta kamfanin sufuri da ke tashi daga Kanifing. Tasi mai ruwan ɗorawa ita ce ta talaka, koriyar ta 'yan yawon buɗe ido ce, kuɗinta ninki ne. Shingayen jami'an tsaro na da yawa a hanya, katin shaidarka ya kasance a aljihu. Tsallake kogi daga Banjul zuwa Barra a jirgin fito ake yi, tsallakawar ba ta da tsawo, jiran ne ke cin rana, musamman ga mai mota. Akwai kwale-kwale masu sauri, har a kafaɗa ake ɗaukar fasinja a kai shi ciki, amma in iska ta taso ko ba rigar ruwa, haƙura ka jira. Mai zuwa Farafenni ya bi ta gadar Senegambiya da aka buɗe a 2019.

Abinci ba zai ba ka wahala ba in ka yarda da shinkafa kullum. Domoda miyar gyaɗa ce, benachin dafa-duka, wonjo zoɓo, netetu kuwa daddawarmu ce da wani suna. Yaji da busasshiyar kuɓewa ka tafi da naka. In an ajiye kwano ɗaya ana ci tare, ci abin da ke gabanka, mai gida ne zai turo maka kifi. Sauro kuma kada ka ce ka saba da shi a gida: kwana cikin gidan sauro, in zazzaɓi ya zo a yi gwaji kafin a sha magani.

Harshe shi ne mabuɗi. Turanci na ofis ne, kasuwa da asibiti Mandinka ne da Wolof da Fulatanci, shi ma Fulatancin ya ɗan bambanta da na Adamawa. Koyi gaisuwa a makon farko. A Mandinka ana amsawa da "kaira dorong", wato alheri kaɗai. In ƙauye aka kai ka, fara gaida alkalo, shi ne dagacinsu, ka tafi da goro. In an zauna shan ataya, wato shayinsu, zagaye uku ne, yana cin fiye da awa guda. Kada ka ɗauka ɓata lokaci ne, a nan za ka ji abin da ba za a faɗa maka a taro ba.

Kalmar da nake roƙon a bari a filin jirgi ita ce "a Najeriya ba haka muke yi ba". Suna jin ta, kuma ba sa mantawa. Daga ranar da ka faɗe ta a gaban ƙananan ma'aikata, za a gaishe ka da fara'a, amma ba wanda zai ƙara nuna maka inda makullin sito yake. Tun watan farko nemi mutum ɗaya ko biyu 'yan ƙasar da za ku riƙa yin komai tare, ka rubuta tsarin aikin a littafin da zai zauna a ofis, ba a kwamfutarka ba. Shekara ta biyu su riƙa yi kana kallo, kana gyarawa. In kai malamin lissafi ne, jadawalin darussa da tambayoyin gwaji da amsoshinsu su shiga hannun wanda zai gaje ka tun saura wata uku ka tafi.